Darbejiyar Ƙofar Shagon Walda Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni mai walda na tsakiyar layi, a madadin iyalina da duk wanda ya taɓa shan inuwa a ƙofar shagona, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar darbejiyarmu. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, tana da shekara arba'in da bakwai a duniya. Ba ta yi jinya ba, ko ganye ɗaya bai yi mata rawaya ba. Kashe ta aka yi tana tsaye, a gaban jama'a, da injin zarto na ƙaramar hukuma.

Aji uku na tsaya a makaranta, kuma hannuna na dama a kumbure yake, za ku ji dalili a gaba. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri ya karanta haka nan.

Marigayiya ƙanwata ce. Mahaifina ne ya kawo ta a gwangwani shekarar da aka yaye ni, ya dasa ta a bakin titi, ya kewaye ta da ƙaya. Da na fara wayo ya damƙa mini ita, ya ce ga ƙanwarka nan, ranar da ta kwana da ƙishirwa kai ma da yunwa za ka kwana. Faɗana na farko a duniya a kanta na yi shi, da bunsurun maƙwabci. Ya tunkure ni, na cije masa kunne. Tun ranar ba ta ƙara rasa ganye a bakin dabba ba.

Ta rayu mai haƙuri da kawaici. Shekara ashirin da shida ina walda a gindinta, tartsatsin wuta na zuba mata a ƙafa, ba ta taɓa juya mini baya ba. Na buga mata ƙusa ina rataye gilashin aiki, ta haɗiye rabin ƙusar ta riƙe mini sauran. Mai faci ya jingina mata tayoyi, masu jiran mota sun tofa mata yawu, duk ta yafe. Duk gidan da zazzaɓi ya shiga a layin nan, ganyenta aka dafa. Rabin haƙoran unguwar nan da asuwakinta suka kai yau. A inuwarta mahaifina ya yi zamansa na ƙarshe, a kujerar ƙarfen da na haɗa masa, muka ɗauka barci yake yi.

Akwai kuma abin da ba zan bari a manta ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce birkin wata tifa ya tsinke a gangaren layinmu, tana ɗauke da yashi. Ta nufo katangar gidana kai tsaye. A bayan katangar nan maman yara tana wanki, da tsohon ciki. Marigayiya ta tari tifar da ƙirjinta. Gaban motar ya lotse kamar gwangwanin kifi, gilashi ya tarwatse, ita kuwa ta girgiza, ta zubar da ganye, ta tsaya. Tabon yana nan a jikinta har ta mutu, faɗinsa ya kai faranti. 'Yar da ke cikin nan yanzu tana aji biyar.

Muryarta ba ta fita daga kunnena ba. Da safe shuuu, a hankali, kamar mai gaisuwa. In hadari ya taso sai ta canza, wuuu, wuuu, ni kuwa in san lokacin naɗe waya ya yi. 'Ya'yanta na faɗowa kan kwanon shago, tas, tas, tas. Akwai wani reshe da ke gogar kwanon, ƙiii, kuma wallahi bai fi yin ƙarar nan ba sai lokacin da nake zagin mai kawo aiki. Maman yara takan ce ita kaɗai ce take iya tsawata mini in ji.

Ga yadda ajali ya zo. Ƙaramar hukuma ta ce za ta ja lambatu a layinmu, kuma itatuwa tara da ke bakin titi sun tare hanya, duk za a sare. Muka ce ba mu yarda ba. Muka kafa kwamiti, muka ɗora tela a kai don shi ne mai karatu a cikinmu. Sau huɗu muna zuwa ofishinsu, maza da mata, ana ajiye mu a benci har rana ta karya. Aka rubuta takardar koke, kowa ya sa hannu, ni na dangwala yatsa da ƙarfin da takardar ta yage. Kansila ya fito ya ce za a duba. Muka dawo muna jira.

Ranar Juma'a sai ga wani ma'aikaci da bokitin jan fenti. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya zagaye marigayiya da jan layi, daidai ƙugu. Ya yi wa ta ƙofar tela haka, ya yi wa ta ƙarshen layi, wadda ke ƙofar Gwaggo. Sauran shida bai ko kalle su ba. Na tare shi na ce malam, wannan fa? Ya ce shi aikin da aka sa shi yake yi, in je ofis in tambaya. Ya ɗau bokitinsa ya wuce. Tela kuma ba ya gari, ya tafi jinyar surukinsa, shagonsa a kulle.

To ni mai walda ne. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfe ya san abu ɗaya: inda ka ja layi a zagaye da bututu, nan za ka yanke. Ba a ja wa abin da za a bari layi. Shekara ashirin da shida da alli a kunnena, ban taɓa ja wa ƙarfe layi don in ƙyale shi ba. Na dubi jan zoben nan a ƙugun ƙanwata, na ce wato da ke za su fara.

Asabar da safe na jona injin gugar ƙarfe, na bi layin nan na kankare shi tas, har da ɓawon. Tana zubar da ruwa, ina ce mata yi haƙuri, ceton ki nake yi. Na ɗauko ƙasa na murje wurin. Na wuce ta ƙofar tela na yi mata haka, don zumunci. Mutane suna kallo suna sa mini albarka, mai faci har da riƙe mini wayar injin. Da na isa ƙarshen layi sai Gwaggo ta fito da taɓarya. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego lokacin da aka haife ni. Ta ce, "Kai ɗan nan, da kai da hukuma duk ɗaya kuke a wurina. Ka sa mata ƙarfen nan in fasa maka wannan ƙaton kan." Na ce Gwaggo, kashe ta za su yi. Ta ce su zo su same ta. Na naɗe wayata na dawo ina cewa tsohuwa ta rikice.

Litinin suka zo. Mota biyu, injin zarto uku, 'yan sanda huɗu, da wani injiniya mai hular kwano fara. Suka fara daga bakin layi, ɗaya bayan ɗaya, mata na ihu, maza na zagi. Ni ina tsaye a gindin tawa, raina a kwance, ina cewa na fi su wayo. Sai na ga mai zarto ya zagaya ta, ya duba, bai ga komai ba, ya ja igiyar injinsa.

Ban san lokacin da na kai masa naushi ba. Haƙoransa biyu suka faɗi cikin dusar katako, ɗaya ya bar mini rami a hannu. Na ɗauki rodi zan raba injin gida biyu, 'yan sanda suka rufe ni. Kulki a gadon baya, kulki a gwiwa. Suka kifa ni a ƙasa, ɗaya ya danne mini wuya da gwiwarsa, kumatuna a kan tsakuwa, fuskata tana kallon ta. Da ma sun juyar da ni ɗaya gefen.

Wani ya karɓi injin. Haƙoran ƙarfe suka shiga daidai inda na kankare, don nan ne babu ɓawo, nan ya fi taushi. Ni na share musu hanya. Naman jikinta yana fesowa, ja-ja, da ɗumi, yana shiga mini ido da baki, ɗaci kamar maɗaciya. Suka dakata suka yanke mata hannuwa tukuna, reshen da ke yi mini faɗa shi ya fara faɗowa. Sheƙunan tsuntsaye suka zubo, ƙwai ya fashe a kan kwalta, takalma suka bi ta kai. Ta daɗe ba ta ba su ba. Zarton ya ci karo da ƙusata ya yi tartsatsi ya mutu, sai da suka canza sarƙa. Daga nan ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ƙaƙaƙaƙa, doguwa, ta karkata, ta zo ƙasa, rim. Layin duka ya motsa. Rana ta faɗo cikin shagona har bango.

Suna cikin daddatsa ta kamar naman kasuwa tela ya sauka daga mota da jakarsa. Ya buɗe shago ya tarar da wasiƙa an turo ta ƙarƙashin ƙofa tun Juma'a. Ya fito da gudu yana karantawa da ƙarfi. Hukuma ta ji kokenmu. Ta yarda a bar manyan itatuwa uku, lambatu ya kauce musu. Wadda duk aka zagaye da jan fenti, kada a taɓa ta.

Ya dubi tasa a kwance, ya dubi tawa, ya ce wa ya goge? Ina ƙasa da gwiwar ɗan sanda a wuyana na ce ni ne.

Na faɗa a can, na kuma rubuta a nan don kada wani ya raɗa a bayana. Da hannuna a cikin jinin nan. Tela bai ƙara yi mini magana ba, kuma yana da gaskiya. Amma ina tambayar masu ofis: wane irin mahaukaci ne yake ja wa abin da yake so ya rayu jan layi a ƙugu? Wane irin ma'aikaci ne za a tambaye shi magana ɗaya ya ce a je ofis? Bakinsa ciwo yake yi? Kalma biyu, ba sarewa, da yanzu ina zaune a inuwa. Kwana biyu na yi a bayan kantar 'yan sanda. Mai zarto na je har gida na ba shi haƙuri, shi ma aike ne. Wanda ya aiko shi kuwa ban yafe ba, kuma ba na shirin yafewa.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, yayanta. Ta bar maman yara, da 'yar da ta tare wa tifa, wadda ta ƙi cin abinci tun Litinin. Ta bar mai faci, da yanzu robarsa ke narkewa kafin ya manna ta. Ta bar tsuntsaye da ba sa ƙirguwa, suna zuwa da yamma su yi ta zagaye sarari suna neman inda gidansu yake. Ta bar ƙadangaru uku da suka koma ƙarƙashin bencina. Ta bar kututture mai faɗin tabarma, da rabin ƙusa a jikinsa. 'Yan uwanta bakwai sun bi ta a rana ɗaya, Allah ya ba masu su haƙuri.

Ta kuma bar ƙanwa guda, ta ƙofar Gwaggo, wadda taɓarya ta cece ta daga hannuna. A kanta ne nake son ku buɗe kunne. Jiya injiniyan ya dawo ya ce tunda saura ɗaya, babu amfanin a lanƙwasa lambatu saboda ita. Alhamis za su zo da katafila su tumɓuke kututture, su haɗa da ita. Gwaggo ta ji, ta sa aka fito mata da gadonta gindin itacen.

Jana'iza kamar haka take. Gawa babu, sun loda ta a mota sun tafi, ban san tukunyar wa take dafawa ba. Abin da ya rage dusar jikinta ce, na share na cika buhu ɗaya. Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe za a taru a kututturen, ƙofar shagon walda. Daga nan a ɗauki buhun a ƙafa zuwa ƙarshen layi, a binne shi a gindin ƙanwarta. Ana zaman makoki a wurin, kuma ba a tashi sai katafila ta juya. Mata su zo da tabarma. Maza su zo hannu sake, an roƙe ni kada kowa ya ɗauko ƙarfe, na kuma yi wa Gwaggo alkawari. Na riga na kewaye gindin itacen da rodi goma sha biyu, na yi musu waldar da ban taɓa yi wa ƙofar kowa ba. Zarton da ya taɓa wurin zai tofar da haƙoransa. Tela, in ka zo, wurinka yana gaba, ba sai ka gaishe ni ba.

Ba a karɓar gaisuwa a gida. Mai son yi mini ta'aziyya ya same ni a cikin rodin nan, bayana a jingine da ita. Na tanadi jan fenti irin nasu, zan zagaye ƙuguna da shi a kan fata, zan kuma shafa wa duk wanda ya miƙo nasa. Injiniya ya zo da wasiƙarsa, ya dubi layin da kyau, ya faɗa mana da bakinsa a gaban jama'a ko yankewa yake nufi ko bari.