Rasuwar Tukunyar Dukhan ta Gidan Haj Ashafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da tsohon hayaƙi, ni Khadiga 'yar Abdulganiyu, wadda aka fi sani da Ustaza, tsohuwar malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, nake sanar da maƙwabtanmu na unguwar Alsawra da danginmu na Mayo da na Jazira rasuwar tukunyar dukhan ta gidanmu. Ta cika a bakin aikinta, a cikin raminta, bayan gajeriyar jinyar da ruwan saman bana ya jawo mata. Daga ƙasa aka yi ta, ƙasa za ta koma.

Kafin in shiga yabonta, akwai maganar da ake ta raɗawa a kan tabarmar makoki tun ranar da ta fashe. Wai duk matar da ta zauna a kan wannan tukunya, mijinta ba ya saki, ba ya leƙe-leƙe, in ma ya yi nisa sai ya dawo. Hujjar masu faɗa kuwa ni ce: shekara arba'in da ɗoriya ina ɗakin Haj Ashafa, tela a Kasuwar Umdurman, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa kwana a waje ba. To, ni ƙuruciyata ta ƙare ne a gaban allo ina ce wa yara kada su karɓi magana sai sun gwada ta. Na gwada wannan. Sakamakon yana ƙasan takardar nan. Wadda ta tsallake ta leƙa shi ba ta karanta sauran ba, ba ɗalibata ba ce.

Saboda 'yan uwan da suka zo daga gida kwanan nan, waɗanda ba su san marigayiya ba, ga kamanninta. A kusurwar tsakar gida take, bayan shinge, a binne har wuya. A zuba mata garwashi, a ɗora itacen ɗalih mai ƙamshi, a shimfiɗa tabarma mai huda a kan bakinta. Matar aure ta shafe jikinta da mai ta zauna a kai, a lulluɓe ta da shamla, wato bargon gashi mai nauyin gaske. Nan za ta zauna tana gumi har fatarta ta yi ja, ta ɗauki ƙamshin da zai kwana a jikinta ya wuni. Wannan shi ne dukhan. An ce mana macen da ba ta yi, gidanta na haya ne.

An haifi marigayiya a hannun wani maginin tukwane a bakin kogi. Yaya Nagoggo, yayar maigidana, ita ta ɗauko ta a ka ana saura kaɗan bikina. Ta riga famfo zuwa gidan nan, ta riga wutar lantarki. Mai haƙuri ce. Mai riƙon sirri ce, don ta ga abin da ko madubi bai gani ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta da yawan magana. In an hura ta, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas. In mai ya ɗiga mata, ta ce tsss. Iyakarta ke nan. Ba ta taɓa korar baƙo ba: amaren unguwa, masu jego, masu fushi da miji, masu jiran miji, duk ta ɗauke su a kanta.

Amma tunda an ce a faɗi gaskiya a kan mamaci ko a yi shiru, ni kuma shiru ya ƙare mini: marigayiya tana da ci.

Ta ci ɗalih da ake kawowa daga nesa, wanda kowace shekara ɗaurinsa ke ramewa kuɗinsa na ƙiba. Ba ita kaɗai take ci ba, da tawagarta take zuwa: man shafawa, dilkar goge jiki, turaren humra, sandal, lalle. Awarwaron zinariyar da uwata ta bar mini, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta bakinta suka fita ta sama. Firjin da muka yi ta cewa baɗi, baɗi, yana cikinta. Kujerar Makka da na yi niyya da kuɗin sallamata daga aiki, rabinta na cikinta. Ta ci mini kowace Alhamis ta rayuwata. Ƙawayena na makaranta suna karatun ƙarin girma, ni ina kan rami ina dahuwa. Ta ci muryata, har ya zama 'yan bencin baya ba sa jin darasi sai tari. Ban taɓa yi mata gori ba. Ina ce biya nake yi, ana ba ni kaya.

Ga yadda ajalinta ya zo. Ruwan da ya kayar da katangun rabin unguwa ya cika raminta, ya kwanta a ciki har ta jiƙe ta yi laushi. A cikin wannan hali 'yata Awadiyya ta zo gida da labari: mijinta Jafaru, wanda ya daɗe yana aiki a Jidda, ya yi waya zai sauka kafin Mauludi. Awadiyya tana da asma tun tana ƙarama. Kowa ya sani. Ranar ina can gidan wata da ɗakinta ya rufta, ina taya ta kwashe kaya. Yaya Nagoggo ta kwarfe ruwan ramin da kwano, ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Awadiyya ta zauna. Don fuska ma ta samu rabonta, sai ta ja shamla ta rufe har kanta.

Kalmar ƙarshe ta marigayiya ita ce: ƙwas!

Ta tsage daga baki har gindi, ƙasa ta zame, garwashi ya yi tsalle ya kama shamla. A lokacin Yaya Nagoggo tana ɗaki, ta je ɗauko humra. Bakhita maƙwabciyarmu, wadda gida biyu ne tsakaninmu, ita ta jiyo ƙaurin gashi ta taho da gudu ba ko mayafi. Ita ta janye 'yata, a sume, leɓɓanta sun yi baƙi. A daidai wannan lokaci Haj Ashafa yana zaune a rumfa, bayansa jingine da shingen nan, yana shan gahawa. Sai da aka yi ihu ya tashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Marigayiya ta rasu ta bar shamla, wadda ta ƙone rabi tana jinya a kan igiya. Ta bar tabarma mai huda, wadda yanzu hudarta ta fi ta yawa. Ta bar kwalaben humra marayu a ƙarƙashin gado, da mai sayar da ɗalih na bakin kasuwa, wanda ya zo gaisuwa yana kuka na tsakani da Allah, na kuwa san dalili. Ta bar ni. Ta bar Awadiyya a gadon asibiti, da abin shaƙar iska a fuskarta.

Likitar da ke duba ta ɗalibata ce a da. Ta ja ni gefe ta ce, “Ustaza, huhun nan ba zai ɗauki wani zaman ba. Ko guda. Ba tsoratarwa nake yi ba.” Na koma wurin 'yata da wannan magana a bakina. Kafin in furta, ta zare abin shaƙar ta kama hannuna.

“Yumma, a sayo wata. Kafin Jafaru ya sauka.”

“Awadiyya, kin ji abin da likita ta ce?”

“Likita ba ta da miji a Jidda. Ke kin zauna, kin riƙe Baba. Ni sai in tashi a banza?”

Shi ya sa nake wannan rubutu. Yaya Nagoggo ta riga ta aika wa magini. An ce ranar uku za a binne sabuwa a gurbin tsohuwa, da ƙasar ramin nan mai albarka, ranar da za a sallamo Awadiyya. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka a gaban mutanen da ban taɓa yi a gabansu ba. Ba mai ji. Ba da Nagoggo nake kokawa ba, da maganar nan ta cewa tukunya na riƙe miji nake yi. In maganar ba ta mutu ba, 'yata za ta mutu.

Sai na fara bincike daga kan tabarmar makoki.

Na ce, “Yaya, Barakatu ta unguwar nan ta zauna a kan tukunyar nan tun tana amarya. Ina aurenta yau?”

Ta ce, “Wannan ba ta da juriya. Hayaƙi na fara shiga take tashi.”

“Fatna fa? Ita har fatarta ta saɓule. Mijinta ya tafi Libiya, ko gaisuwa.”

“Ke ma da neman magana. Hayaƙi zai ƙetare sahara ne?”

“Jidda ai teku ce a tsakani.”

“Teku daban. Iska na taimako.”

“Ke fa, Yaya? Ke kika kawo ta. Aure nawa kika yi?”

Mata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ta ajiye kofin shayi ta nuna ni da carbi. “Bar zancen nawa, 'yar boko. Ke fa? Ƙanena mai kyau, mai sana'a, me ya zaunar da shi wurin mace mai baki irin naki in ba hayaƙi ba?”

Duk ɗakin aka ce wallahi gaskiya ne. Na rushe musu hujjoji duka, saura guda, ita ce ni.

A nan ne na tuna da rumfa, da gahawa, da ƙaurin da ya tafi gida biyu bai tsaya wurin mutumin da ke bayan shinge ba.

Muna da wata al'ada ni da Haj. Duk Alhamis in na tashi daga kan marigayiya na shafa humra, sai in miƙa masa wuyan hannuna. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce, “Masha Allahu, Ustaza. Kin gama da ni.” Tun daren farko haka yake faɗa, bai taɓa canja ko harafi ba. A kan wannan jumlar na sayar da awarwaron uwata.

Jiya bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ragu, na shiga kicin. Na buɗe kwanon fasikh, kifin gishirin nan da in an buɗe shi kuliyoyin unguwa ke taruwa. Na tsoma wuyan hannuna a ruwansa, na goge danshin, na ja mayafina na tob na rufe. Na same shi a rumfa yana gyara carbinsa. Na ce, “Haj, na haɗa sabuwar humra don tarbar Jafaru. Ji mini.”

Ya lumshe ido. Ya ja numfashi.

“Masha Allahu, Ustaza. Kin gama da ni.”

Gwaji ɗaya ba gwaji ba ne, haka na koyar. Na koma na wanke, na shafa kananzir. Na ce wannan ta Bakhita ce, wacce ta fi? Ya shaƙa, ya yi tunani kamar alƙali, ya ce tawa ta fi sanyi. Na zauna a bakin gadonsa. Na yi masa tambaya ɗaya. Sannan ya ba ni amsa, ya ƙara da cewa, “Na ga wahalar da kike sha a kan ramin nan. Bakina bai iya ce miki a banza ba ne.”

Ga tsarin jana'iza.

Ba wanka, ta sha ruwa ya ishe ta. Ba salla, tukunya ce. Za a tattara ɓaraguzanta a cikin ragowar shamla gobe da hantsi, a mayar da su raminta, a cike shi da ƙasa, a daddage, a zuba siminti. Haj Ashafa da kansa zai riƙe shebur. Ba a buƙatar magaji. Wanda ya ga magini a hanya da sabuwar tukunya, ya ce masa ya kai ta gidan da ke neman randar ruwa. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo turare ko itace. Za a ajiye kofi uku a rufe a gaban maigida, humra da fasikh da kananzir, duk mai shakka ta zo ta gwada shi da hannunta, shi ya yarda. Yaya Nagoggo, ke za ki fara.

Bakhita, ki kai wa Awadiyya kwafin takardar nan asibiti. In idonta ba zai iya ba, ki karanta mata, a hankali, har ƙarshe. Awadiyya, don Allah, don Annabi, kada ki zare abin nan daga fuskarki sai kin ji.

Ga sakamakon.

Haj Ashafa yana saurayi ya yi aikin riƙe tuta a gonakin auduga na Jazira. Yakan tsaya a ƙarshen kunya, jirgin feshin magani ya bi ta kansa. Tun daga lokacin hancinsa ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Bayan nan ne ya zo Umdurman, ya koyi ɗinki, ya aure ni.