Shanun Usmanu Sun Ja Keken Usmanu

Jiya na biya kuɗin keke napep, sannan na tura shi da hannuna. Mai ya ƙare mana a bayan garin Ƙaura, kan hanyar Shinkafi. Direban, maƙwabcina Usmanu, ya ce tun asuba yake layin gidan mai, da aka zo kansa aka ce injin ya gaji.

Bara war haka Usmanu manomi ne, yana da bijimai biyu na huɗa. Sai Mai Girma Sarkin Ƙaddamarwa ya shiga rediyo ya ce tattalin arziki ya miƙe, mai zai wadata, kuma an kawo tarakta, ba mai sake bin bayan sa a gona. Taraktar ta zo kuwa, ni shaida ne. An ɗaura mata kyalle, an yi hoto, an tafa, aka mayar da ita kan tirela. Ko taɓo bai taɓa tayarta ba, abin sha'awa.

Usmanu ya ga duniya ta ci gaba, ya kai bijiman kasuwar Moriki, ya cika da bashi ya sayi keke. Wanda ya saye su Zubairu ne, ɗan unguwarmu, wanda ke sauraron rediyo da natsuwa don ya san abin da ba zai yi ba.

Yanzu ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, lokacin huɗa na wucewa. Gonar Usmanu na nan ciyawa na cinye gero, kuma daga ita gidansa ke ci. Duk wannan ya faɗa mini muna turi, ina haki ina cewa Allah ya kyauta.

Sai ga Zubairu a amalanke, bijiman nan na Usmanu na ja. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya sauko da igiya ya ɗaure keken a baya, ya daka wa shanun tsawa, suka ƙi motsi. Sun juyo suna kallon Usmanu. Usmanu ya matsa ya shafa wuyan ja daga cikinsu, ya kira sunansa a hankali, suka ɗaga ƙafa. Na kau da kai, don gaskiya ya ba ni tausayi.

Mun kusa gari Usmanu ya ce, "Zubairu, ba ka son mai riƙa maka garma bana? In mun gama gonarka, ka ara min shanun kwana biyu."

Zubairu ya ce, "Taho gobe da sahe. Ai sun hi jin maganarka."

To, masu cewa manya ba sa cika alkawari su ji tsoron Allah. Mai Girma ya ce zai samar wa jama'a aikin yi, ga shi Usmanu ya samu, a bayan shanunsa. Ni dai har yanzu ba a mayar mini da kuɗin kekena ba.