Fanka a Wayar Fitila

Da hannuna na cire fankar injin akori-kurata, na ɗaura mata wasu fankoki biyu masu lantarki, ina ta cika baki cewa ba na bukatar bakanike. Sai dai a wayar fitilun gaba na jona su. In fitila ta mutu, fanka ma ta tsaya, don haka ko da rana a kunne nake barin fitilun.

Ranar da na ɗauko surukina daga Hotoro zuwa ɗaurin aure a Nasarawa GRA, masu adaidaita suka yi ta nuna mana fitilun. Surukina ya ce, "Malam, kashe fitilar nan, rana tsaka ce."

Wa zai yi musu da suruki? Na ce, "To, Baba," na kashe.

Ba mu yi nisa ba injin ya tafasa. A adaidaita Baba ya ƙarasa, bayan an shafa fatiha.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya ce wa matarsa, "Hajiya, a kunna masa fitila, kada ya tafasa."