Hoton Mijina a Bangon Asibitinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Ido na Bakin Gaɓa, wanda Allah ya ba idanu biyu lafiyayyu, ya ƙara masa da tabarau.

Bayan gaisuwa da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Ranka ya daɗe, ni ce Nurhaima, matar Sarajul, ɗan ƙabilar Bajau mai nutso a teku. Ka san shi. Kullum da safe kana wuce shi: shi ne na cikin babban hoton nan na zauren jira, ya ɗago kai daga ruwa da mashi a hannu, idanunsa tar. Wani baƙo ne ya ɗauka bara waccan. Ba a tambaye mu ba, amma mun yi alfahari.

Da laifina zan fara. Ranar da idonsa na hagu ya kaɗa ya yi ja, murna na yi, domin a littattafan soyayyar da nake karantawa idon namiji ba ya ja sai don kishi. Kwana huɗu ina yanga ina turara masa rogo, har sai da ya ce, "Ke, rufe tagar nan, hasken sukata yake kamar ƙaya." Sannan muka hau kwale-kwale. Ga abin da muka tarar.

Na ɗaya. Nas ɗinku ta hango shi daga bakin ƙofa, ta ce ai mutanenmu duk haka idonsu yake, gishirin teku ne. Sau uku muka zo, sau uku gishiri. Ranka ya daɗe, me ya sa gishirin ya kama ido ɗaya ya bar ɗaya? Ko da rabin fuska mijina yake nutso?

Na biyu. A zuwanmu na uku wata baƙuwa fara ta iso daga otal ɗin tsibiri, tabaran ninƙaya ya kuje mata gira. Kafin ta zauna an shige da ita, har da shayi. Teku ɗaya suka shiga da Sarajul. Ban san gishiri yana duba launin fata ba sai a asibitinku.

Na uku. Masu katin ɗan ƙasa a gaba, mu a baya. A kwale-kwale aka haifi mijina, haka ubansa, haka kakansa, a tekun nan da daga tagarka ma za ka hango. Takardarku ta kira shi baƙo. Baƙon ina? Kifi ne zai ba shi takardar haihuwa?

Na huɗu. Sai a wata na biyar babbar likita ta duba shi, Allah ya saka mata. Ta haska fitila, ta ce kumburi ne can cikin ido, na hagu ya riga ya tafi, na dama ya fara. Ta ba shi maganin ɗigawa: a ajiye a firji, a guji rana. Firjinmu tulu ne da nake ratayewa cikin ruwa a ƙarƙashin gidanmu na kan teku. Rana kuwa, a wane teku ake kashe ta?

Likitar ta ce mu dawo bayan mako biyu. Magatakardanku ya ce ranar marasa kati ta cika, ya rubuta mana wata huɗu.

Na karanta littafi ya fi ɗari. Jarumai suna makancewa da hatsarin mota, da guba, da kukan rabuwa, kuma a babin ƙarshe wani attajiri yakan yi nadama ya kira likita daga waje. Ban taɓa ganin wanda layi ya makantar ba. Attajirin ma har yau ina jira.

Roƙona ɗaya ne: ka mayar mana da mako biyun da likitarka ta faɗa. Idan doka ta hana, to ka sa a sauke hoton a ba ni in tafi da shi gida. Nan kaɗai ya rage mijina yake da ido biyu, kuma gara a ɗauke shi kafin nas ta gano a can ma ba shi da kati.

Taka mai biyayya har ƙasan teku,
Nurhaima binti Hamsali