Rasuwar Siririya, Wuƙar da Aka Karya a Makaranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau ya ƙi sauka daga maƙogwarona, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa shan lemo ko mangwaro daga bishiyar da ta fito daga lambuna, rasuwar wuƙar aljihuna, wadda gidanmu ya sani da suna Siririya. Ta rasu ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, a ɗakin koyon kafinta na makarantar 'yata Auta, bayan shekara talatin da huɗu a hannuna. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba kuma tsatsa ba. Kashe ta aka yi, kuma na san wanda ya yi. A dalilin wannan rasuwa an koro Auta gida, ga jarrabawar ƙarshe za a fara ranar Litinin mai zuwa, an ce ba za ta zauna ba sai na sa hannu a wata takarda. Zan zo kan takardar. Bari in fara ba marigayiya haƙƙinta.

Sana'ata rainon dashe. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu yi wa itatuwa aure: a yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, a tsaga ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa, a haɗa su, a ɗaure da siririyar leda har su zama jiki ɗaya. Aikin da marigayiya ta yi ke nan tun ranar da maigidan da ya koya mini sana'a ya danƙa mini ita, har ranar da ta bar duniya. Ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, bai kai tsawon manunina ba. Gefe ɗaya kawai ake wasa ta, don yankan ya fita sumul. Ƙotarta ta katako ce, gumina ya rine ta, babban yatsana ya yi wa kansa gurbi a jikinta.

Ba ta da yawan surutu. In na buɗe ta da safe sai ta ce ƙyas, in na ninke ta da yamma ta ce ƙwas, a kan dutsen washi kuwa sai ka ji shaa, shaa, a hankali kamar mai lallashin jariri. Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a shekara talatin da huɗu, kuma na san mutane da yawa da suka fi ta magana ba su kai ta amfani ba.

Ina shaida cewa ba ta taɓa fitar da jinin ɗan Adam ba sai nawa, sau biyu, kuma duka biyun laifina ne, don ina yanka ina kallon wani wuri. Ba ta taɓa yanka albasa ba, ba ta taɓa feƙe fensir ba, ba ta taɓa yanke farce ba. Uwar yarana ta taɓa neman ta don ta tsinke zare, muka yi kwana biyu ba ma gaisawa da kyau. Ƙa'idojinta uku ne, kuma duk wanda ya tashi a gidana ya haddace su kafin ya iya ɗaure takalmi: yanka ɗaya ake yi, ba a maimaitawa, yatsa ba ya taɓa wurin da aka yanka, sannan ba a ninke ta da danshi. In ka gama aiki ka goge ta, ka bar ta a buɗe ta sha iska, in ba haka ba ruwan itace ya shige gaɓarta ya cinye ta daga ciki.

Ta rasu ta bar dutsen washi guda, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda ita, yanzu yana zaune bakin rijiya ba mai kula shi. Ta bar almakashin reshe, abokin aikinta, mai ƙarfi amma ba basira. Ta bar tsumman da nake goge ta da shi, da aljihun dama na duk wandunana, waɗanda nake ta lalubawa sau ashirin a yini ina jin wayam. Ta bar itatuwan da ba zan iya ƙirgawa ba a gidaje da gonakin mutane. Ta bar marayu goma sha biyu a gonar makaranta, dashen da ta aurar a safiyarta ta ƙarshe, an ce mini har yanzu kore suke shar. Ta bar ni. Ta kuma bar Auta, wadda ita kaɗai cikin 'ya'yana biyar ta gaji hannuna, kuma ita na yi niyyar bar wa wuƙar in na tsufa sosai, ko da yake uwarta na cewa wannan lokacin ya riga ya zo.

Ga yadda ciwon ajalinta ya fara. Ranar Talata malamin noma na makarantarsu ya zo lambuna da ƙafarsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, wuƙaƙen makaranta ko igiya ba sa yankawa. A taimaka a ara mana taka ta yini ɗaya, Auta ta nuna wa 'yan ajinsu yadda ake auren dashe.”

Na ce, “Malam, ba na ba da aronta. Amma in Auta ce za ta riƙe, ai hannuna ne ya riƙe.”

Ranar Alhamis ta tafi da ita. Ta yi aikinta a gonar makaranta, dashe goma sha biyu, yanka ɗaya ɗaya, 'yan ajinsu na tafa mata. Aka buga ƙararrawa, kowa ya ruga aji. Ita kuwa 'yar gidanmu ce. Ta goge wuƙa, ta taɓa ta ji da sauran danshi, ta ƙi ninkewa. Ta shiga aji ta ajiye ta a buɗe a kan tebur kusa da littafinta don ta bushe, ta ci gaba da rubutu hankalinta kwance. A gidanmu wannan ladabi ne. Ko kusa bai zo mata a rai ba cewa wani zai ga wani abu daban.

Mataimakin shugabar makaranta, wanda yara ke kira Sintiri saboda ba ya zama a ofis, ya leƙo ta taga. Ya shigo ya ce, “Wuƙar wa ce wannan?”

Auta ta miƙe ta ce, “Ta babana ce, Malam. Iska take sha, ba a ninke ta da danshi.”

Wannan amsa, wadda gaskiya ce tsantsa, ita ya ɗauka a matsayin rashin kunya. Bai nemi malamin noma ba, bai aiko a kira ni ba. Ya tasa ta gaba zuwa ɗakin koyon kafinta, ya tara shugabannin ɗalibai wai don ya zama darasi, ya matse marigayiya a abin matse katako, ya ɗaga guduma. Auta ta ce bugu uku ya yi kafin ta ba da kai, kuma da ta karye ƙara ɗaya ta yi, ƙal, ba ta ƙara ba. Na yi alfahari da bugu ukun nan, ba zan ɓoye ba. Aka zubo mini gawar gida biyu a cikin ambulan na wasiƙa, aka haɗo da 'yata da takarda.

Washegari na je wurin shugabar makaranta. Na shiga da sallama, na zauna inda aka nuna mini, na rantse wa kaina ba zan ɗaga murya ba, kuma na kusa cika alkawari.

Ta ce, “Baba, doka ce.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, dokar wa?”

Ta buɗe ɗan littafin ƙa'idojinsu ta nuna mini layin da ya ce an hana ɗalibi shigowa da makami. Na tambaye ta game da adduna da laujunan da suke sa yara su zo da su duk ranar Laraba don yankan ciyawa, waɗanda kowace ɗaya ta yi tsawon hannun yaro. Ta ce waɗannan kayan aiki ne. Na ce to tawa fa, kayan kwalliya ce? Ta ce tawa an gan ta a buɗe a cikin aji, kuma magana ta riga ta je gaban kwamitin ladabtarwa.

Ban tsaya nan ba. Akwai wani lauya da ke sayen dashen lemo a wurina, na same shi na zayyana masa komai. Ya ce, “Baba, yadda na fahimta, abin da dokar ƙasa ta ce daban, ƙa'idar makaranta daban. Makaranta na iya hana wuƙa a harabarta komai ƙanƙantarta. Amma in malaminsu ne ya ce a kawo don darasi, magana ta sauya. Sai dai fa ya faɗa da bakinsa.”

A nan ina so masu ta'aziyya su fahimce ni da kyau. Ni ba na faɗa da ƙa'idar. Ina da jikoki a makarantu, ba na son kowane ɗan iska ya riƙa yawo da ƙarfe a aljihu. Da sun karɓe ta sun kulle a durowa sun kira ni, da na zo na ba da haƙuri, na ja kunnen Auta a gabansu, don ajiye wuƙa a buɗe a aji kuskure ne, kuma ni na koya mata shi. Wannan zan sa hannu a kai sau goma. Amma ba shi aka rubuta a takardar ba.

Na je wurin malamin noma. Aikinsa na wucin gadi ne, ba a tabbatar da shi ba tukuna, ga matarsa da ɗanyen goyo. Ya tarbe ni yana kallon takalmansa, ya ce, “Baba, na dai ce a zo da kayan aiki. Ban tuna na ambaci wuƙa ba.” Na dube shi na ga tsoro ne kawai, ba mugunta ba. Na tausaya masa, na kuma ji kamar in shaƙe shi, duka a lokaci guda.

Jiya da la'asar uwar yarana ta ajiye takardar a gabana da biro. Ta ce, “Malam, sa hannu kawai a wuce wurin. Takarda ce, ba ta cizo. Wuƙa ta riga ta tafi, kada shekarar yarinya ta bi ta.” Gaskiya ta faɗa, kuma na ɗauki biron. Shekara shida yarinyar nan tana tashi da asuba tana ban ruwa kafin ta tafi makaranta, ba zan so taurin kaina ya cinye mata wahalarta ba.

Sai Auta ta ce, “Baba, kafin ka sa, karanta layi na uku da ƙarfi, kana kallona.”

Na fara karantawa. An rubuta cewa ni mahaifinta na yarda 'yata ta shigo da makami bisa raɗin kanta, da nufin tsorata 'yan ajinsu. Na kai rabin layin na tsaya.

Ta ce, “In shekara ce, ta tafi, zan sake. Amma kada ka faɗa a kaina abin da ka san ban yi ba.”

Uwarta ta fashe da kuka ta ce mu biyun nan kanmu ɗaya, dutse ne. Na ajiye biro. Ina jin tsoro, kada wani ya zaci ba na ji. In suka hana ta zama ranar Litinin, shekara guda ta tafi, ni na sani, ita ma ta sani.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, ban zautu ba tukuna. Za a tashi daga lambuna ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, a ƙafa. Za a tsaya da gawa a ƙofar makaranta da ƙarfe takwas saura kwata, a gefen titi, wajen katanga, inda ba mai ikon korar kowa. Auta za ta zo cikin kayan makaranta, da biro biyu da katin jarrabawarta, ta tsaya a layi tare da 'yan ajinsu. Duk wanda zai fitar da ita daga layin sai ya yi a gaban idona da idon jama'a. Ana gayyatar iyayen yaran da suka ga darasin ranar Alhamis. Ana gayyatar Sintiri, amma ya bar gudumarsa a gida. An keɓe wa malamin noma wuri a sahun gaba, ba za a tilasta masa cewa komai ba, sai dai in shi ya ga dama.

Masu zuwa kada su kawo komai, kada kuma wani ya kawo mini sabuwar wuƙa, ban shirya ba. Daga ƙofar makaranta, ko an bar Auta ta shiga ko an hana, za a dawo lambu a binne marigayiya da hannuna a bakin rijiya. Game da likkafani, kada kowa ya wahalar da kansa, makaranta ta riga ta bayar. Na naɗe gutsayen biyu a cikin takardar nan tasu, ta ishe su har da saura. Wurin sa hannu na nan fari fes, kuma haka zai shiga ƙasa.

Sanarwa daga mahaifin Auta, mai rainon dashe, a madadin iyalai.