Alƙalin Haske da Hoton Tafki

Idan ana maganar masu ido a garin nan, a fara da Alƙalin Haske, sauran jama'a su bi layi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, saboda haka ba wanda zai ce an yi son kai wajen zaɓe. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba: kafin ka gama zaro hoto daga ambulan, ya riga ya hango aibu uku. Kyamararsa kuwa labarinta kawai ake ji. Tana cikin wata baƙar jaka mai zif shida da yake ratayawa a wuya, ba ya fito da ita sai hasken rana ya cika sharuɗɗansa. Shekara huɗu ke nan rana tana iya ƙoƙarinta, ba ta dace ba.

Duk Asabar da hantsi, masu sha'awar ɗaukar hoton daji da tsuntsaye sukan haɗu a ɗakin baya na laburare, inda fanka ɗaya ke juyawa, ɗayar tana kallonta. Akwai tela, akwai direban bas, akwai wata tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Gwaggo, da wasu bakwai. Da waya suke ɗauka, su kai shago a wanke musu. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya jefa hotonsa a kwando ba suna, Alƙali ya ɗauko ya jingina a jikin allo, ya zubo ilimi. Kayan aikinsa jan biro ne da wasu kwalaye biyu masu kusurwa, waɗanda yake ɗorawa a kan hoto yana matsowa da su don nuna inda ya kamata a yanke. Shi ya sa a bayan idonsa sunansa Malam Yanke.

Direban bas ya taɓa kawo hoton wani dutse da ya tsaya ya ɗauka da sassafe, fasinjoji na yi masa tsiya. Alƙali ya ɗora kwalayensa. Ya cinye sama, ya cinye hagu, ya cinye dama, har abin da ya rage bai fi kan sarki na wasiƙa ba. “Ka gani?” in ji shi. “Yanzu hoton ya fara numfashi.” Tela kuma ya sha faɗa a kan malam-buɗe-littafi, wai ya bar ƙwaron ya juya wa jama'a baya.

Ana haka sai labari ya zo cewa laburare zai rataya hotuna ashirin a babban zaure, kuma shugabar wurin za ta zo da kanta ta zaɓi wanda zai tantance su. Alƙali ya so kujerar nan kamar ransa. Tun ranar Laraba ya gaya wa matarsa da surukansa cewa an gama magana, ya sa aka buga masa kati mai ɗauke da sabon muƙamin, aka goge masa rigarsa sau biyu.

Ranar Asabar shugaba ta zauna a gaba da littafinta a cinya. Alƙali ya sa hannu a kwando ya zaro hoto, ya jingina shi ba tare da ya kalle shi ba, don idonsa na kan shugaba. Sai da ya gyara murya sannan ya juya. Bishiyoyi ne jere, da ruwa, da sararin sama.

“Jama'a, ga darasi ya kawo kansa,” in ji shi. “Ku dubi saman hoton nan. Gajimare na rawa, rassa na karkarwa. Mai hoton nan hannunsa rawa yake yi, ko dai yunwa ko tsoro. Ni da na san haske tun kafin wasunku su san wuta, kallo ɗaya nake yi.”

Tela ya yi tari. Alƙali ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta.

“Sannan ga babban abin kunya. Ku dubi wannan tsuntsu a tsakiyar sama, yana tafiya a rigingine, ciki sama, kai ƙasa! Na karanta littafin tsuntsaye tun daga bango har bango, babu mai tashi haka. Da kwamfuta aka liƙa shi. A yaudari wani, ba Alƙalin Haske ba!” Ya ɗora kwalayensa ya shafe tsuntsun daga duniya.

Gwaggo ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta tako a hankali, ta ce, “Ɗan nan, ɗan matsa.” Ta zare kwalayen ta miƙa masa, ta kama hoton ta juya shi, ƙasa ta koma sama.

Sai ga tafki lumui da safe, bishiyoyi tsaye ƙyam a bakinsa, inuwarsu na rawa a cikin ruwa, ga agwagwa tana iyonta hankali kwance, ba ta san an yi mata shari'a ba.

Direban bas ne ya fara fashewa, har da buga tebur. Tela ya zame daga kujera. Ita kanta shugaba ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta na motsi. Alƙali ya ji zufa na bin bayan rigar da aka goge sau biyu, kunya ta kama shi har tafin ƙafa. “Gwaji ne na yi muku,” in ji shi, amma dariya ta hana kowa ji.

Da ɗakin ya lafa, shugaba ta zaro wani hoton ta miƙa wa Gwaggo. Dutsen direba ne, ya sake gwada sa'arsa. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta ce hasken da ya sauka a kafaɗar dutsen ya yi mata kyau ƙwarai, ta tambayi mai shi me ya tsayar da shi a wurin, sannan ta ce in ya koma ya ɗan durƙusa, wayar lantarkin nan za ta fita daga hoton. Direba ya washe baki kamar an yi masa haihuwa. Shugaba ta rubuta wani abu a littafinta, kowa kuma ya san abin da ta rubuta.

Amma ba a bar gwani hannu rabbana ba. Da yake shi ne dogo a cikinsu, aka ba shi aikin hawa tsani ya rataya hotunan da Gwaggo ta zaɓa. Ranar aikin ya zo da jakarsa a wuya da katinsa a aljihu, ya ɗauki hoto na farko ya duba bayansa. Gwaggo ta riga ta ari jan bironsa, ta bi hotunan ashirin ɗaya bayan ɗaya, ta zana kibiya a bayan kowanne, ta rubuta da manyan baƙaƙe: “Nan ne sama.”