Keken Habu da Sabuwar Futata

Ba zan taɓa mantawa ba da hunturun da Habu ya samu keke, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (da ma ina yawan rikita su).

Lokacin muna samari a unguwar Misfala a Makka, ni ga-ruwa nake yi. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, in yini ina hawan tsaunuka ina kai ruwa gidajen mutane. Habu kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, yana aiki gun wani mai gasa burodi. Maigidan nasa ne ya ba shi keke don rabon burodi. Baƙi wuluk, da ƙararrawa. Wallahi duk sanda na ji ƙirrin-ƙirrin ɗin nan a lungunmu, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Hunturun shekarar ya kashe mana jiki. Alhazai sun watse, gari ya yi tsit, ciniki ya kwanta. Sai mu taru a gahawar Ammi Isa, wani dattijon Bakano mai sayar da shayi, mu yi ta hamma muna kallon juna. Rannan ya gaji da mu, ya ce, "Ku dube ku, kamar kajin da ruwa ya daka! In sanyi ya ɗaga, kafin zafi ya kankama, za mu yi tsere a filin Zahir. Na ƙafa daban, na keke daban. Kowa ya zaɓi ɗaya."

Kai, sai ka ce an hura mana rai. Muka shiga gardamar inda za a tashi da inda za a tsaya. Mutanen da a da sai hantsi suke fita daga bargo, yanzu da an sallame asuba sai ka gan su suna gudu. Ana cikin haka Ammi Isa ya ƙara mana da babban labari: wani muɗawwifi, cikin masu kula da alhazai, zai zo kallo, yana neman ɗan aike na Hajji mai zuwa. Wannan aiki in na same shi, na ajiye sandar ruwa ke nan har abada, kuma kafaɗata ta riga ta yi kanta.

Kowa ya san tseren ƙafa nawa ne. Wanda ke hawan dutse da garwa biyu cike, ina ga an sauke masa kaya? Amma sai Habu ya zo wucewa, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce, "Taubashi, in goya ka? Sai dai ka bar garewaninka, ba na ɗaukar jakin ruwa da kayansa." Aka kwashe da dariya. Nan take na ce, "Ammi Isa, sa ni a na keke."

Tsohon ya ajiye buta. "Ya waladi, yarona, ka taɓa hawa?"

"Zan koya."

"To. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura."

Na ji shi sarai. Hassada ce dai ta toshe mini kunne, ba zan ɓoye muku ba. Ni a zuciyata ban ma damu in ci tseren ba, muddin Habu zai ga bayana.

Na aro wani tsohon keke gun wani tela Ba'indiye da nake kai wa ruwa, sarƙarsa a fili ba murfi. Na shafe sauran hunturun a bayan dutse ina faɗuwa ina tashi, cikin gajeren wandona na aiki. Gwiwoyina duk suka saɓule, amma na iya. Har sakin hannu ɗaya nake yi (ba mai kallo sai awaki).

Ranar tsere na ce ko a ado ma sai na fi Habu. Na ciro sabuwar futata, irin zanen nan na Jawa da maza ke ɗaurawa a ƙugu, wadda Inna ta adana mini don Sallah. Na sake ta har idon sawu. A Zahir na tarar sauran mahaya kowa da wando, ya ɗaure ƙafar da igiya. Na ce a raina, ji ƙauyanci. Ban tambayi dalili ba.

Ammi Isa ya ce "Yalla!" muka zabura. Ƙafar ga-ruwa ba wasa ba, nan da nan na wuce mutum uku. Ga Habu a gabana, ga dardumar muɗawwifi can a gefe, manya sun jeru a kai. Na miƙe tsaye a kan keken don su gan ni da kyau. Sai na ji an ja ni ta ƙasa. Sarƙa ta cafki bakin futa, ta naɗe, ta naɗe, ɗaurin ya kwance, keken ya ƙame. Na yi sama na dawo rub da ciki, daidai gaban dardumar.

Abin da ya rage a jikina daga ƙugu zuwa ƙasa shi ne gajeren wandon nan, wanda faci ya fi yadinsa yawa. Inna ta yi facin mazaunai da buhun fulawa, buhun kuma da hoton jan zakara a jikinsa. Wani ya ƙwala ihu, "Abu Dik!" wato mai zakara. Dariyar da aka yi, ina jin har unguwar Utaibiyya an ji ta. Muɗawwifin ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa.

Wanda ya zo ya rufe ni Habu ne. Yana kan gaba, ya waiwayo, ya yar da kekensa, ya ɗaura mini mayafinsa. Wani can ya cinye tseren.

Na ƙafa kuwa Ɗanlami ya ci, mutumin da kullum nake wucewa a hawan dutse da garwa biyu a wuyana. Shi aka ba aikin. Ina laɓe bayan Habu na ji muɗawwifin yana cewa, "Me zan yi da keke a matakalun Makka da cunkoson Mina? Ƙafa nake nema. Ya Isa, ina ga-ruwan da ka yi ta yaba mini?" Ammi Isa ya nuna ni da haɓa.

A hanyar gida muna tura kekuna, Habu ya ce, "Taubashi, kai wawa ne wallahi. Duk hunturun nan ƙafarka nake yi wa hassada. Ni ko tudun gidanmu na hau sai na yi haki." Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, har ta fi ta zakaran.

Sai da na ƙara shekara tara ina ga-ruwa, Abu Dik kuma ya bi ni har tsufa. Darasin da na samu bai da yawa: in hassada ta ce ka hau abin da ba naka ba, ka fara duba wandon da ke ƙasa. Har yau in na ji ƙararrawar keke, sai hannuna ya kai ƙugu.